Baffa Mai Haƙar Rijiya

Ranar wata Talata ce a tsakiyar bazara. Ina cikin aji a makarantar da nake koyarwa a Kazaure, wayata ta yi ta ruri a aljihu har na gaji na fita baranda na ɗauka. Mahaifina ne. Bai yi sallama ba, abin da ban taɓa ji daga gare shi ba. Cewa kawai ya yi, "Yaya ya cika." Sai ya kashe wayar.

Yayan nan nasa shi ne Baffa, wan mahaifina ciki ɗaya, mahaƙin rijiya da aka sani a ƙauyukan da ke tsakanin Gwiwa da Roni. Na nemi izini, na hau babur na kama hanya. Iskar da ke dukan fuskata kamar daga bakin murhu take fitowa. Ko da na isa garinmu an gama wanka, ana jiran masu haƙar kabari, sun daɗe ba su dawo ba. Na bi su maƙabarta na tarar ƙasa ta yi tauri, samari suna karɓa-karɓa da diga, kowa ya yi sara kaɗan sai ya miƙe yana haki. Wani tsoho da ya yi shekaru yana ja wa Baffa kwandon ƙasa daga bakin rijiya ya tuɓe rigarsa ya ce a ba shi digar. Aka ce ya bari, ya tsufa. Ya ce, "Mutumin nan ya ƙare ƙuruciyarsa a cikin rami saboda mu sha ruwa. Ku bar ni in yi masa sara ko uku ne." Aka ba shi. Ya yi ukun, ya zauna a gefe ya rufe fuska da hula.

Goggo, ƙanwarsu da ke aure a Babura, ba ta sami jana'iza ba. Ta iso bayan la'asar, ta shiga cikin gida ba kuka ba salati mai ƙarfi, ta gaisa da Inna, matar marigayin, ta zauna kusa da randa. Aka ɗebo mata ruwa a moɗa. Ta kurɓa sau ɗaya ta ajiye, ta ce, "Wannan ai na famfo ne. Ku ba ni na rijiyar Yaya." Mata suka dubi juna. Inna ce ta gaya mata cewa rijiyar gidan ta ƙafe tun daminar da ta wuce ta bara. A nan ne Goggo ta ɗora hannu a ka, aka yi ta ba ta haƙuri har magariba.

Washegari wani dattijon Bafillatani ya iso a ƙasa da sandarsa, ƙafafunsa sun yi futu-futu. Babu wanda ya san shi a cikin samarinmu. Ya zauna can ƙarshen tabarma, aka yi addu'a ya shafa, ya ce, "Allah Ya jiƙan mai ruwa." Sannan ya tashi ya tafi. Mahaifina kuwa kwana uku yana amsa "ya haƙuri" da baki, abinci na zuwa yana komawa yadda ya zo.

A zaman makokin nan ne na ji 'yata tana tambayar uwarta wai mece ce sana'ar kakan nasu. Aka ce haƙar rijiya. Ta ce, da wace mota? Ita a saninta ruwa daga tanki yake saukowa, tankin da ke bisa ƙarfe a bakin kasuwa. Tambayar nan ce ta sa na zauna na rubuta abin da na sani game da shi, tun kafin mu ma da muka gan shi da ido mu bi sahu.

Gajere ne, mai faɗin ƙirji, tafin hannunsa kamar bayan kunkuru. Ba ya son yawan magana da safe. Idan mutanen wani ƙauye suka zo neman ya haƙa musu rijiya, ba ya amsawa a zaune. Sai ya je ya kwana biyu a garin yana yawo shi kaɗai, yana duban inda baure da kanya suka fito, da inda gara ta gina suri, da inda ciyawa ke riƙe ɗanyenta bayan kaka. Yakan ɗebi ƙasa ya murza, ya sansana, wani lokaci ya ɗanɗana. Sannan ya kafa dagi ya ce, "A nan, in Allah Ya yarda." In mai gari ya ce ya fi son a haƙa kusa da ƙofar gidansa, Baffa yakan ce, "Ranka ya daɗe, ruwa bai san gidan sarauta ba." An sha jin haushinsa a kan wannan, amma an sha ruwansa.

Yana da wata igiya ta kaba da yake aunawa da ita, a rataye a zaurensa. Duk ƙarshen rani sai ya zura ta a rijiyar gidansa, inda ruwa ya tsaya ya yi ƙulli. Ina yaro ƙulle-ƙullen a cunkushe suke wuri guda, na bana kusa da na bara. Da na girma na fara lura suna ta sauka, kowane ƙulli yana nisa da ɗan'uwansa, har ya zama sai da ya yi wa igiyar ƙari. Idan dattawa suna musu a majalisa, wani ya ce ruwa ya ragu, wani ya ce mutane ne suka ƙaru, ba ya sa baki. Sai ya aika a ɗauko igiyar ya shimfiɗa a gabansu. "Ku tambaye ta," in ji shi, "ita ba ta da dangi a cikinku."

Ba rijiya kaɗai ya sani ba. Shi ake jira ya ce a yi shuka. Yana duban zuwan shamuwa, da lokacin da gawo ya fara zubar da ganye, da inda iska ta juya. In an yi ruwan farko ya tona ƙasa da hannu, in laima ta kai inda yake so ya ce a fita, in ba ta kai ba ya ce a dakata, ruwan yaudara ne. Shekara da shekaru maganarsa ba ta faɗi ƙasa ba, har ta kai mutanen ƙauyukan kusa suna aiko tambaya.

Sai wata shekara duk alamun suka cika. Shamuwa ta zo, gawo ya kaɗe, aka yi ruwa mai ƙarfi har kududdufi ya kawo. Baffa ya tona ya ce a fita. Gari kaf aka fita da sungumi. Gero ya tsiro gwanin sha'awa, sannan sama ta ɗauke. Kullum hadari ya haɗu a gabas, ya yi baƙi, iska ta zo ta watsa shi. Muka ga shuka ta lanƙwashe, ta yi ja, ta ƙone. Yawancin mutane iyakar irinsu ke nan suka zuba. Babu wanda ya fito fili ya zarge shi, amma an daina tashi da sauri in ya iso majalisa, shi kuma ya gani.

Da ruwa ya dawo, ya sa aka buɗe rumbunsa, ya zauna a gindi yana auna wa duk wanda ya zo iri da tiya. Inna ta fito ta tsaya a kansa ta ce, "Malam, mu kuma me za mu ci kafin kaka?" Ya ce, "Bakina ne ya fitar da irinsu. Abin da baki ya ɓata, ciki ne zai biya." A gidan nan an sha tafasa da rama a daminar nan fiye da yadda aka ci tuwo. Tun daga shekarar bai sake cewa kowa ya yi shuka ba. In an tambaye shi sai ya ce, "Sama ta sake harshe, ni kuma na tsufa da koyon sabon yare. Kowa ya dubi gonarsa ya roƙi Allah." Na san abin ya ci shi, domin daga baya na sha ganinsa da hantsi yana tona ƙasa a bayan gida bayan an yi ruwa, ya duba, ya mayar ya rufe, bai gaya wa kowa abin da ya gani ba.

Dattijon Bafillatanin da ya zo makoki, a wani rani mai tsanani suka haɗu. Makiyaya sun gangaro daga arewa, ta wajen iyaka, saboda tafkunan da suka saba shayarwa sun bushe tun kafin lokacinsu. Shanu sun rame har ana ƙirga haƙarƙarinsu. Garuruwa suka fara hana su ruwa, ba don mugunta ba, rijiyoyin ne ba sa isar masu su. A garinmu ma aka yanke shawara ba za a bar baƙuwar dabba ta sha ba. Baffa yana da rijiya a gonarsa ta fadama, wadda ya haƙa da hannunsa yake ban-ruwan albasa. Ya tarar da mutumin nan a burtali tsaye a kan wata saniya da ta durƙushe ta kasa tashi, matarsa na gefe da goyo. Ya ce su biyo shi. Ya kai su rijiyar, ya jawo komin shayar da dabbobi, ya ce su yi ta ja har Allah Ya kawo damina.

Mutanen gari suka taso masa. Wani ya ce in ya saba musu, gobe gonaki za su shiga. Baffa ya ce, "Rijiyar gari taku ce, na ji. Wannan kuwa ni na shiga cikinta. Lokacin da nake ƙasa ina roƙon Allah kada ta rufta da ni, ban ce Masa don albasa nake haƙa ba." Albasar ta ƙone a shekarar. Da za su tafi, Bafillatanin ya jawo tunkiya, Baffa ya ce ya mayar da ita cikin 'yan'uwanta. Abin da ya biyo baya shi ne duk shekara in sun gifta, sai an aiko wa Inna man shanu a ƙwarya. Ban san ta yaya labarin rasuwar ya kai masa ba, ban kuma san daga ina ya tako ba.

Kada in sa a ɗauka waliyyi ne. Baffa yana da riƙo, kuma in ya yi fushi ba ya faɗa, shiru yake yi, shirun da ya fi zagi ciwo. Mahaifina ya ɗanɗana shi, ni kuma ina da hannu a ciki.

A gonar gado da suke nomawa tare akwai manyan ɗorawa guda huɗu da kakanmu ya tarar, da marke da ƙirya a gefen iyaka. Kakarmu da kalwar ɗorawar nan take daddawa. Bayan an yi shekara biyu a jere amfani bai yi kyau ba, gidanmu ya shiga wani hali. Mahaifina yana da baki goma sha wani abu da zai ciyar, Baffa kuwa 'ya'yansa sun kama gabansu. Lokacin masu gawayi suna yawo da mota da injin yanka itace, suna sayen bishiya a tsaye. Ni ne na haɗu da su a Kazaure, ni na kawo su gida. Ina sabon malami, ina ganin na kawo dabara.

Mahaifina ya je ya sami Baffa a zaure, ina biye da shi. Ya durƙusa ya ce, "Yaya, ina so in sayar da rabona na itatuwan nan. Gidana babu hatsi."

Baffa ya ce, "Zo ka ɗiba a nawa."

"Naka nawa ne, Yaya? Kwana nawa zai kai mu?"

"Ya kai inda ya kai. Itacen da ubanka bai dasa ba, kai ba ka dasa ba, da wane baki za ka yi cinikinsa?"

Mahaifina, wanda bai taɓa ɗaga murya a gabansa ba, ya ce, "Da bakin da yara ke kuka a kansa. Inuwa ba ta shiga tukunya."

Baffa ya dube shi, ya dube ni, ya ce, "Kai ne ka kawo su?" Na ce ni ne. Ya gyaɗa kai ya tashi ya shige cikin gida.

Aka sare ɗorawa biyu da duk marken. Yini guda injin ya yi ya gama da abin da ya girmi duk wanda ke raye a garin. Muka ci abinci a shekarar, wannan gaskiya ce, kuma har yau ban iya cewa mahaifina ya yi laifi ba. Amma Baffa ya ja iyaka a tsakiyar gonar da jerin gamba, ya daina yi wa ƙaninsa magana. In mahaifina ya gaishe shi a masallaci sai ya amsa da "lafiya" guda ɗaya ya wuce. Goggo ta zo daga Babura ta yi ta kai-kawo, liman ya sa baki, duk a banza. Damina biyu ana haka. A cikinsu muka ga iskar farkon damina tana kwaso rairayi ta binne shuka a ɓangarenmu, sai an sake, nasa ɓangaren kuwa da sauran itatuwa suka tare yana tsaye. Ruwa kuma ya sami hanya ta inda saiwoyi suka ruɓe, ya fara cin ƙasa, ƙaramin kwari ya buɗe. Baffa yana wucewa ta wajen kullum, bai taɓa cewa "ka gani" ba. Da ya faɗa ma da ya fi sauƙi.

Ni ya ci gaba da amsa gaisuwata, amma ya sa mini suna Malamin Gawayi. A wannan tsakanin ne na je masa da abin da nake koyarwa a aji. Ina so in wanke kaina ne, ban ɓoye ba. Na same shi yana gyaran guga, na ce, "Baffa, abin nan da ke faruwa fa ba a garinmu kaɗai ba ne. Masana suna kiransa sauyin yanayi. Hayaƙin masana'antu da motoci da man da ake ƙonawa a manyan ƙasashe shi ke taruwa a sama, ya riƙe zafin rana kamar yadda murfi ke riƙe zafin tukunya. Shi ya sa zafi ke ƙaruwa, damina ta rikice, wani wuri fari, wani wuri ambaliya. Ɗorawa biyu ba su ne suka kawo wannan ba."

Ya ci gaba da ɗinkin gugansa. Sannan ya ce, "Su masu hayaƙin, sun san da mu?"

Na ce wasunsu sun sani, ana ta taro a kai.

"To. Wani ya hura wuta, wani ya sha zafi. Wannan Allah zai yi musu hisabi, ba ni da tsanin da zan hau in buɗe murfin nan naka." Ya ja zare ya ɗaure. "Amma in rana ta yi zafi, mai hankali hularsa yake nema, ba ya cire ta ya sayar. Hannun da ya nuna wa masu inji hanya, daga wace ƙasa aka aiko shi?"

Abin da ya ba ni mamaki shi ne bayan kwana biyu na ji shi a majalisa yana yi wa dattawa bayanin murfin tukunya, tiryan-tiryan, yana cewa ɗansa malami ne ya gaya masa. Ya karɓi nawa, bai kuma saki nasa ba.

Ruwa ne ya shirya su, ba mutum ba. A damina ta uku, bayan an yi ta roƙon ruwa saboda jinkiri, sai aka sako shi a watan marka kamar da bakin ƙwarya. Tun hantsi ake yi har azahar ba sassauci. Ruwan duwatsu ya gangaro ta kwarin nan ya shigo unguwarmu, wadda take gangare. Ina gida ranar. Muka ji katangar baya ta zauna, sannan ɗakin mahaifiyata ya tsage daga sama har ƙasa. Muna ta fitar da yara da abin da hannu ya iya ɗauka, ruwa har cinya, sai ga Baffa ya kutso, tsoho da shi, da igiya a kafaɗa. Ya ɗaure ta a jikin darbejiyar ƙofar gida, ya kai ɗaya bakin can tudu, ya ce kowa ya kama ya bi. Mahaifina ya koma zai ɗauko buhun gero a ɗakin da ya tsage. Baffa ya damƙi wuyan rigarsa ta baya ya fizgo shi, ya daka masa tsawa da sunan da kakarmu take kiransa da shi yana yaro. Ba su kai bakin zaure ba ɗakin ya rufta.

Wata biyu muka yi a gidan Baffa. A daren farko an kawo tuwo, Inna ta raba kwano biyu kamar yadda ta ga ana yi. Baffa ya ce ta haɗe. Suka sa hannu a kwano ɗaya. Can mahaifina ya ce, "Yaya, ka yafe mini." Baffa ya ce, "Ci abinci. Ni ma na daɗe da yawa a cikin ramin nan, har na manta hanyar fita." Iyakar abin da aka faɗa ke nan. Da kaka ya sa aka tumɓuke gambar da ya raba gonar da ita, suka yi ta jido duwatsu a amalanke suna jerawa a bakin kwarin.

Sana'arsa ta riga shi mutuwa. Ruwa ya yi nisan da hannu ba ya kai masa, a wurare da yawa sai a haƙa a tarar da fa, wato shimfiɗaɗɗen dutse. Motocin haƙar burtsatse suka shigo, su yi a kwana biyu abin da yake wata uku yana yi. Bai yi musu hassada ba. Ya je ya tsaya yana kallo har suka gama, ya sha ruwan, ya ce yana da daɗi, sai dai ya tambayi mai injin, "In kun zuƙe na ƙasan, akwai wani a ƙarƙashinsa?" Mutumin ya yi dariya, Baffa bai yi ba. Rijiya ta ƙarshe da aka kira shi, ya yi kwana biyunsa yana yawo ya dawo ya ce musu kada su wahalar da kansu, babu ruwa. Daga nan ya jingine daginsa.

Shekarunsa na ƙarshe zafi ya fi komai takura masa. Yakan ce bazarar da ya sani tana da kunya, in rana ta faɗi takan saki mutane, ta yanzu kuwa ba ta san sallama ba. Numfashi ya fara yi masa wuya. Sati uku kafin rasuwarsa na je gaishe shi, ya ce in ɗauke shi a babur in kai shi kan dutsen da ke yamma da gari, ta hanyar Roni. Inna ta hana, ya ce zai je. Na ɗaure shi a bayana da rawani, muka tafi a hankali da sanyin safiya. Inda babur ya tsaya na riƙe shi muka ɗan taka, ya zauna a kan wani fa.

Daga nan ana hango ƙauyuka warwatse. Ya riƙa nunawa da sanda yana faɗa mini rijiyoyinsa ɗaya bayan ɗaya. Waccan da ya haƙa shekarar aurensa. Waccan da ta rufta masa har ƙugu aka jawo shi. Waccan tana da rai. Waccan ta mutu. Waccan ma ta mutu. Matattun sun fi yawa nesa ba kusa ba. Na ɗauka kuka zai yi, ko ya yi mini wa'azi, sai na ji ya ce, "Ɗana, aiki zan ba ka."

Na ce, "Ina ji, Baffa."

"Rijiyar da ta mutu tarko ce. Mutane sun koma famfo, sun manta da ita, ciyawa ta rufe bakinta. Wata rana akuya za ta faɗa, wata rana ɗan mutum. Ni na buɗe su, ba na so a tashe ni da ran kowa a wuyana. In na tafi, kai da ubanka ku bi su ku cike. Kada ku bar ko ɗaya a buɗe."

Na ce ai wataƙila ruwa ya dawo. Ya ce, "In ya dawo, masu rai sa haƙa tasu."

Bayan sadakar arba'in muka fara, ni da mahaifina, ranar Asabar da Lahadi. Mukan je mu gai da mai gari, mu faɗi saƙon, a ba mu samari da amalanke. Wasu mun tarar an riga an mayar da su juji, wasu kuwa bakinsu a buɗe yake cikin ciyawa kamar yadda ya faɗa, a ɗaya har da ƙasusuwan ɗan maraƙi. A wani ƙauye kusa da Gwiwa, mun sauke ƙasa ke nan za mu fara zubawa, wata tsohuwa ta fito da sanda ta ce mu dakata. Ta ce da ruwan rijiyar nan aka yi mata wankan haihuwar 'ya'yanta duka, da shi aka wanke mijinta ranar da ya rasu, ba za a rufe ta haka kawai kamar an binne mushe ba. Ta sa aka kira liman. Mata suka fito suka tsaya daga nesa, maza suka kewaye bakin rijiyar, aka yi wa wanda ya haƙa ta addu'a. Sannan ta sunkuya da ƙyar ta ɗebi ƙasa da hannunta ta fara jefawa. Mun daɗe kafin mu ji saukarta.

Mahaifina ya karɓi shebur ya ci gaba, ni na bi bayansa. Saura huɗu yanzu, muna so mu gama kafin ruwa ya sauka, in ya sauka.

Allah Ya jiƙan Baffa, Ya yafe masa kurakuransa, Ya sanyaya makwancinsa. Yadda ya shayar da mutane da dabbobi a nan, Allah Ya shayar da shi daga Alkausara. Mu da muka saura a wannan ƙasa mai zafi, Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya sa mu cika da imani.